Facin jibba ya ci mini kwana uku

'Yan'uwa masu koyon fentin ƙananan sojoji, ga inda aiki ya kwana a wannan makon. Akwatin Ansaru, wato mabiya Mahadi, na kamfanin Perry Miniatures da na faɗa muku ya iso, mutum 40 ne na roba, tsayin milimita 28, na yaƙin Mahadi a Sudan tsakanin 1881 da 1885. Na haɗa 16 da gam, na shafe su da farin fenti na shimfiɗa, na manna yashi a gindinsu. Yashin ma na tankaɗe shi da rariyar kicin, uwargida ba ta sani ba har yanzu.

Niyyata in shirya yaƙin Tamai, wanda aka gwabza ranar 13 ga Maris 1884 kusa da Sawakin, inda mutanen Usman Digna, kwamandan Mahadi a gabashin Sudan, suka fasa sahun Turawan Ingila mai kusurwa huɗu kafin wutar bindiga ta mayar da su baya. Sawakin ɗin nan dai ita ce tashar da alhazanmu na ƙasa suka daɗe suna bi su haye zuwa Jidda, shi ya sa wurin ya fi kwanta mini a rai.

To, ga ɓarnar da na yi. Na zauna dare uku ina zana faci a jikin jibba: shuɗi a ƙirji, ja a gefe, baƙin zare ya kewaye kowanne, dama da hagu daidai wa daida kamar tela ya auna da tef. Sun yi kyau, ba yabon kai ba. Sai da na gama takwas na koma karatu, na tarar na yi wa mutanen 1884 ɗinkin da bai yi tashe ba sai daga baya. A farkon tafiyar, jibba rigar talauci ce ta masu gudun duniya, inda ta yage nan ake liƙa ƙyalle, ko wane iri aka samu. Facin ado mai tsari ya kankama ne bayan rasuwar Mahadi a 1885, zamanin magajinsa Halifa Abdullahi, kuma shi ake gani a rigunan da Turawa suka kwashe bayan yaƙin Omdurman a 1898. Ƙari a kan haka, yawancin 'yan ƙabilar Hadandawa, mutanen Usman Digna da suka yi Tamai, ba su ma sa jibba ba. Zane suke ɗaurawa a ƙugu, ga tulin suma, ga takobin kaskara da garkuwar fata mai zagaye.

Da can haushi nake ji idan kamfani ya nuna sabbin sojoji, tun kafin kaya su shiga kasuwa masu ƙidayar maɓalli sun taso: wannan hula ba ta shekarar ba ce, waccan bindiga ta riga zamaninta, ɗamarar ta karkace. Nakan ce abin wasa ne fa, wa zai ga maɓalli daga nisan kamu biyu? Yanzu bakina ya ɗan mutu. Har gobe ban damu da yawan maɓalli ba, amma rigar da ke nuna ko mutum na farkon tafiya ne ko na zamanin da abin ya zama gwamnati mai baitulmali, wannan ba ƙaramin bambanci ba ne. Wanda ya san rigar malum-malum da 'yar shara ba zai ce duk riga ce ba.

Takwas ɗin ban wanke su ba, na ajiye su gefe, za su jira Omdurman. Sauran na sa musu kawunan masu suma. Farin zanensu kuwa na bi shi da ruwan fenti mai launin ƙasa, tsararo sosai, ya shiga lungunan ninki, don fari tas a hamada ƙarya ne. A kula, iskar hunturu tana busar da fenti a bakin burushi kafin ka kai hannu. Ina ɗora takarda a kan soso mai laima in zuba fentin a kai, hakan ya taimaka.

Turawan ma da tarkonsu. Hannu yana ƙaiƙayin jan fenti, amma a Tamai toka-toka suka sa, waɗanda suka biyo daga Indiya kuma kaki.

Abin da ya rage shi ne tuta. Tutocin Ansaru na gaske suna ɗauke da kalmar shahada da sunayen Allah. A nan na tsaya da bin tarihi sau da ƙafa, domin abin da zai iya faɗuwa ƙasa a taka, ko yaro ya sa a baki, ba zan rubuta wannan a kansa ba. Na yi launin da layukan gefe, tsakiyar na bar ta fili. Mako mai zuwa in Allah ya kai mu sai masu bindigar Remington, irin waɗanda aka ƙwace daga rundunar Masar da Baturen Ingila Hicks ya jagoranta a 1883.