Talata, ranar da famfon inbata ya yi shiru

Da safe motata, mai haɗa fetur da lantarki, ta tashi lafiya ƙalau. Na danna maɓalli, READY, alamar motar ta tashi, ta fito a allo, na kama hanya. Ban yi minti 20 ina tafiya ba, a kan wani ɗan hawa, sai fitilar gargaɗi ja ta kama, motar ta saki jiki kamar an riƙe ta ta baya. Na taka totur, ba ta ko kula ni ba. Na gangara gefen titi na kashe ta, gabana yana faɗuwa, don abu ɗaya ne ya zo mini a rai: babban batir ya mutu.

Duk mai tsohuwar jif irin wannan, mai haɗa fetur da lantarki, da wannan fargaba yake kwana. Tawa ta haura shekara 15, ta kuma ci kilomita fiye da 250,000. Tun ranar da na saye ta a hannu mutane ke yi mini gorin batir, wai ranar da ya tafi sai na sayar da motar in biya kuɗinsa.

Na bar ta ta huce kusan rabin awa, ta yarda ta tashi, na lallaɓa da ita har gareji.

Makaniken dattijo ne mai ƙarancin magana. Bai ko buɗe bonat ba sai da ya jona na'urarsa a ƙarƙashin sitiyari. Ya daɗe yana kallon allon, sannan ya juyo mini da shi, ga lambar matsalar: P0A93.

"Baba, batir ne ko?" na ce.

"Kwantar da hankalinka. Da batir ne da P0A80 za ka gani. Wannan inbata ce ke kukan zafi."

Sai ya buɗe bonat, ya kunna motar, ya cire murfin wata ƙaramar gorar roba, ya ce in leƙa. Ruwan sanyayawar yana kwance lif, ko motsi babu. Ya ce da famfon yana aiki da na ga ruwan yana ɗan tafasa-tafasa a sama. Ya ɗora yatsa a jikin famfon, wani ɗan abu da bai fi dunƙulen hannu ba, babu ko rawar jiki.

Ni sai yau na san cewa hanyar ruwa biyu ce a motar. Injin yana da tasa, inbata ma tana da tata daban, da famfonta na lantarki. Inbatar ita ce ke karɓar wutar babban batir, wadda ta kusa bolt 300 a irin tawa, ta ɗaga ta, ta juya ta zuwa irin wutar da injinan lantarkin ke ci. Aikin yana haifar da zafi sosai. Idan ruwa ya tsaya, kwamfutar motar kan rage ƙarfi don kada abin ya ƙone, abin da ya same ni a kan hawa ke nan. Da na yi taurin kai na ci gaba da matsa mata, da yanzu wani zancen ake yi. Kuɗin famfon da na aiki duka, yadda ya lissafa mini, bai kai kashi ɗaya cikin 10 na sabuwar inbata ba. Na ce a sa, ban ko nemi ragi ba.

Kafin yaronsa ya dawo da kayan, ya ce bari ya duba sauran, tunda na zo. A nan ne ranar ta ɗan ɓaci.

Ya cire marfin da ke gindin kujerar baya, inda iska ke shiga ta sanyaya babban batir. Kai, na ji kunya. Ƙura da gashi da ɓurɓushin takarda sun yi wa fankar dam, har sun zama kamar tsumma. Batirin irin na nikel ne, ƙwayoyi ne ƙanana masu bolt 1.2 da aka jera su da yawa rukuni-rukuni, kuma ba abin da ke tsufar da su kamar zafi. Ba su mutuwa gaba ɗaya. Ɗaya ko biyu ne ke raunana su ja sauran ƙasa. Ya nuna mini a na'urar, rukunonin duk sun kusa yin kai ɗaya, sai guda da ke ɗan sauka idan an taka totur. Ya ce akwai masu canza rukunin da ya lalace kawai, da araha, amma sabo a cikin tsofaffi ba ya daɗewa sai wani ya biyo baya. Wanke fankar kuwa aikin minti 30 ne da buroshi.

Sai birki. Na daɗe ina jin wani gurnani daga gaba idan na buɗe ƙofar direba, na ɗauka haka take. Haka ɗin take, amma ba kowane 'yan daƙiƙu ba. Famfon da ke tara ƙarfin birki ne, kuma yawan tashinsa alama ce cewa yana zubar da ƙarfin ta ciki. Wannan kayan yana cikin masu tsadar gaske, kuma bayan an sa shi sai an yi amfani da kwamfuta an fitar da iskar da ke cikin birkin. Abin dariya, fatar birkin kanta ko rabi ba ta ci ba, domin injin lantarki ne ke yin yawancin tsayawar yana mayar da wuta cikin batir. Ya ce in sa kunne, in ya ƙara yawa ko fitilar birki ta kama, kada in ƙara ko kwana ɗaya.

Ya kuma ja mini kunne kan esi: kwamfiresar ta lantarki ce, tana da nata mai na musamman da wutar lantarki ba ta bi ta cikinsa. Wanda bai sani ba ya zuba na sauran motoci, motar na iya ƙin tashi. Wayoyin nan masu ruwan lemo kuwa, masu ɗauke da wutar babban batir, ya ce ko da wasa kada in taɓa.

Ƙaramin batir na bolt 12 shi ma ya gaji, na canza. Ba shi ke juya injin ba, kwamfutoci kawai yake tayarwa, shi ya sa ba ya ba da sanarwa kafin ya yi zuciya.

Da yamma na dawo gida, na leƙa gorar, ruwan yana motsi. Na zauna a ciki da agogo ina ƙirga gurnanin birki. Na rubuta adadin a bayan rasit, ranar Talata mai zuwa in sake ƙirgawa.