Kwana biyar a San Pedro, garin da ake auna yara da agogo

Shekara shida ina zaune a Bronx ta birnin New York, kuma duk wanda ya san unguwar ya san ba ka rabuwa da 'yan Jamhuriyar Dominika, su ne masu shago, su ne masu aski, su ne maƙwabta. Abokin aikina ɗan can ne, shi ya koya min kallon besbol har abin ya shiga raina. To watan Nuwamba da zai je gida sai ya ce in biyo shi, akwai ɗan ƙanwarsa ɗan shekara 15 da masu farautar 'yan wasa za su gwada. Ya ce ɗan'uwa, abin da kake gani a talabijin ƙarshen labari ne, zo ka ga farkonsa. Na ɗau hutu na bi shi.

Kusan awa huɗu muka yi a jirgi daga New York, muka sauka a filin Las Américas kusa da Santo Domingo, zafi ya tarbe mu tun daga ƙofa. Muka kama hanyar gabas, teku a hannun dama shuɗi shar, muna wuce Boca Chica yana nuna min kwanoni da hannu, nan makarantar ƙungiya kaza take, can ta kaza. Ashe duk ƙungiyoyi 30 na babbar gasar Amurka kowacce tana da makarantar rainon yara a ƙasar, yawancinsu a wannan yankin. Dodgers ma tun 1987 suka buɗe tasu. Daga nan sai gonakin rake, rake iya ganinka, har San Pedro de Macorís.

Garin ba wani ƙato ba ne amma in aka fara lissafa maka taurarin besbol da ya haifa sai ka riƙe baki. Sammy Sosa, Tony Fernández, Alfonso Soriano, Robinson Canó, Fernando Tatis uba da ɗa. Da yammar da muka isa na ga sirrin a bakin titi. Yara ne babu takalmi suna wani wasa da suke cewa bitiya, murfin babbar robar ruwa ake wurgowa, kai kuma ka doka da sandar tsintsiya. Murfin nan lanƙwasa yake a iska yana rawa, na tsaya na fi minti ashirin ina kallon wani ɗan mitsitsi da bai wuce shekara tara ba yana ta dokansa ba kuskure. Yaron da idonsa ya saba da wannan, ai ƙwallo za ta zo masa kamar kabewa.

Ranar gwajin ƙarfe bakwai na safe muna fili. Jar ƙasa, ciyawa tsilli-tsilli, yara sun kai ashirin kowa da lamba a baya, ba a kiran suna sai lamba. Mai horar da su, irin waɗanda ake ce wa buskon, shi ke ciyar da su shi ke ba su wurin kwana tun suna 12 ko 13, in Allah ya sa an sayi yaro sai ya yanki kasonsa mai tsoka daga kuɗin sa hannu. Masu farautar kuwa suna tsaye jikin waya, hular rana, kowa da agogon auna gudu a wuya.

Gudu aka fara, yadi 60. Yaronmu ya tsaya a layi yana ta murza yatsu, uwarsa tana gefena ta damƙe bakin jakarta, na ji tana addu'a ƙasa-ƙasa. Ya fyalla, agogo ya yi ƙit ƙit a hannu wajen biyar lokaci guda, ba wanda ya ce uffan, kowa ya sunkuya ya rubuta. Sai jifa, ana gangaro masa ƙwallo ya cafe ya wurga bes na farko, wato zangon farko da mai duka ke rugawa ya taka, wani na riƙe da bindigar rada tana nuna mil nawa ƙwallon ta yi a awa. Sai duka, an kafa wata na'ura a baya tana faɗa wa mai riƙe da tablet saurin fitar ƙwallo daga jikin sanda. Duka-duka abin da yaron ya samu bai kai minti goma sha biyar ba, shekara uku yana wahala saboda su.

Wani dattijo cikin masu farautar yana jin Turanci, da aka ɗan tsagaita na matsa na gaishe shi, mutumin kirki, ya buɗe min littafinsa. Abu biyar suke ba wa maki: iya samun ƙwallo da sanda, ƙarfin duka, gudu, ƙarfin hannu wajen jifa, da tsaron fili. Makin daga 20 ne zuwa 80, 50 shi ne matsakaicin ɗan babbar gasa, 80 kuwa sai a daɗe ba a ba wa kowa ba. Amma abin da ya tsaya min shi ne kowane layi lamba biyu ce, ta yau da ta gobe. Ya ce ta yau kowa ma zai iya rubutawa, na'ura ma tana yi, aikinsa ita ce ta biyun. Shi ya sa yake kallon faɗin kafaɗa, girman tafin hannu, tsawon ƙafa, har tambaya yake ina uban yaron ya ga tsayinsa. Wato mutumin da babu shi tukuna suke saye, wanda suke fatan yaron zai zama yana 22.

Na ce masa to alƙaluman wasa fa? Ya girgiza kai. Ya ce ko bayan an sayi yaro ya shiga gasar bazara ta makarantun nan, lambobin ba sa faɗa maka gaskiya sosai, masu jifa yara ne hannunsu bai zauna ba, mai duka zai iya tsayawa kawai, jifa na ta kaucewa, a yi ta ba shi bes kyauta. Abin da ya fi kallo shi ne sau nawa yaro ke kai duka ya sari iska, da shekarunsa in an gwada da na abokan karawarsa. Nan na gane dalilin da ake rage shekaru, irin dai wanda muka sani a ƙwallon ƙafar gida, ɗan 16 mai wannan jikin dukiya ne, ɗan 19 mai irinsa ba mai waiwayarsa.

Kuma fa suna kuskure, shi da kansa ya kawo zancen Pedro Martínez, Dodgers suka raina jikinsa suka ce ba zai jure ba suka musanya shi a 1993, ya je ya ci kyautar Cy Young ta gwarzon masu jifa sau uku. Wani lokacin kuma su dace, Juan Soto dala miliyan 1.5 Nationals suka ba shi a 2015, a Disambar 2024 ya sa hannu da Mets kan miliyan 765. Wannan lambar kowane yaro a filin nan ya haddace ta.

Wanda ban manta ba shi ne mai kwashe ƙwallaye. Dogo, jiki a murɗe, yana bin fili da bokiti. Abokina ya ce shi ma da can lamba yake sawa, wata ƙungiya ta yi masa alkawarin baki yana 14 cewa za ta ɗauke shi, ya bar makaranta, kafin ya kai 16 da doka ta yarda a sa hannu kafaɗa ta samu matsala, ƙungiyar ta janye, ba takarda ba komai. Yanzu yana 19, da safe bokiti, da rana acaɓa. Shi ya goya ni zuwa masauki ma, ya ƙi karɓar kuɗi sai da na matsa. Wallahi abin ya dame ni, alkawarin da babba zai warware ba ya asarar komai, yaro kuma ya rasa karatu gaba ɗaya, ban ga adalci a ciki ba ko kaɗan. Ranar 15 ga Janairu da ake buɗe sa hannu hotunan masu murmushi da sabuwar riga kawai muke gani.

Daren jajibirin dawowa muka je filin Tetelo Vargas kallon Estrellas, ƙungiyar garin, kore ko'ina, ganguna da ƙaho ba a jin maganar na kusa. Sun yi shekara 51 ba kofi sai 2019 suka ɗauka, Tatis babba ne kocin a lokacin, har yau in an taɓo zancen sai ka ga idon tsofaffi ya kawo ruwa. Yaronmu yana kusa da ni, bai yi ihu ko sau ɗaya ba, ƙafafun mai tsaro tsakanin bes na biyu da na uku kawai yake kallo, yana motsa nasa a ƙasa.

Ƙungiya ɗaya ce ta ce a sake kawo shi bayan wata biyu, suna so ya ƙara nauyi. Da asuba muna loda kaya a mota uwar ta miƙo mana ayaba dafaffiya da ƙwai a leda, shi kuma ya riga ya fita, muka wuce shi a hanya yana gudu gefen rake da tsohuwar taya ɗaure a ƙugu tana jan ƙasa. Kawunsa ya danna masa hon, ya ɗaga hannu bai tsaya ba.