Ramin da ban bari ya haƙa ba

Sha ɗaya ta wuce, gida ya yi tsit, ni kuwa ga ni a kan tabarma da kwabo ɗaya da ƙusa ɗaya a gabana. Sanyin Jos na bana ba ya wasa, yatsuna har sun ƙage, amma na san in ban rubuta wannan ba, barci ba zai ɗauke ni ba.

Da safe lafiya lau muka fita da na'urata ta gano ƙarfe a cikin ƙasa. Yaya ta cika mana fulas da shayi, ta ƙulle ƙosai a leda, ɗanta Abba kuwa ya riga ni shiga mota rungume da ɗan shebur ɗinsa. Gonar Baba ta bayan Bukur muka nufa, wadda ke gangaren kududdufin kuza. Sun cire dankali satin da ya wuce, jibi Litinin za a yi huɗar kabeji, shi ya sa ya ce in za mu zo, mu zo yanzu.

Kun dai san halin ƙasar wurin. Ƙasa ce da aka taɓa juyawa aka wanke, aka kwashe kuzar aka bar baƙin yashi. Ka ja mayen ƙarfe a kanta, sai ya taso da gemu. Kuzar kanta ba ta cika damun na'urar ba, wannan baƙin yashin da jar marmara su ne ke rikita ta. Faifan da ke ƙasan na'urar yana aika maganaɗisu cikin ƙasa, ƙarfen da ke ciki ya mayar da amsa, ita kuma ta auna jinkirin amsar ta ba ka lamba. To idan ƙasar ma tana amsawa, muryoyi biyu ke shiga kunnenta. Dole sai ka daidaita ta da ƙasar wurin kafin ka fara, kuma na yi hakan a bakin hanya da muka sauka.

A tawa lambobin daga 0 zuwa 99 ne. Baƙin ƙarfe yana can ƙasa, gurnani yake yi. Takardar alminiyam da marikin gwangwanin lemo suna tsakiya. Tagulla da azurfa suna sama, da siririn kuka mai daɗi.

Kafin azahar mun haƙa rami tara. Murfin kwalba huɗu, waya, gindin gwangwanin madara, ƙusoshi. Bayana ya fara ciwo. Baba ya zo ya zauna a inuwar turare yana ba Abba labarin nasa mahaifin, wanda ya yi leburanci a kamfanin kuza. Ya ce barikin lebura a nan kusurwar yake, kuma kwabo mai huji a igiya suke zura shi su ɗaura a ƙugu. Igiya ta tsinke, shi ke nan, ƙasa ta ci. Idon Abba har ƙyalli yake.

Wajen uku da rabi na ba shi na'urar, na zauna shan sauran shayin. Bai yi taku ashirin ba ya tsaya cak kusa da kusurwar nan.

"Kawu! Zo ka ji!"

Na je. Ya kaɗa faifan: 81. Ya sake: 79. Ya sake: 84. Na huɗu sai ta faɗo 12 da gurnani, ta koma 60, ta sake hawa. Na karɓa, na juya na tsaya ta gefe yadda zan ratsa wurin a gicciye, kamar yadda nake yi kullum. Ta nan ɓangaren gurnani ne zalla, sai ɗan tsiwa can a ƙarshen kaɗawa.

Na ce, "Ƙusa ce. Mu tafi."

"Amma Kawu, sau uku ta yi siririn kuka."

"Murfin kwalba ma yana yi. Yau guda nawa ka tono da hannunka? Abu mai kyau, ta duk inda ka zo masa magana ɗaya yake yi. Wanda ya canza baki in ka juya, tsatsa ce."

Ya yi shiru yana kallon fuskar na'urar. Sannan a hankali ya ce, "Ai kai ka ce min in abu ya yi zurfi lamba ba ta tsayawa. Dubi, ta nuna yana can ƙasa sosai."

Gaskiya ya faɗa, ni na koya masa, a tsakar gidanmu, watan jiya. Amma abin da ya fito daga bakina shi ne, "Yanzu kai za ka koya min? Ɗauki shebur mu wuce."

Baba daga inda yake ya ce, "Haba ɗan nan, bar yaro ya tona mana. Ƙasata ce, ban hana ba." Na ce masa la'asar ta kusa, ga hanya, ga taya ɗaya ba ta da iska sosai. Duk gaskiya ne, amma ba su ne dalilin ba. Na gaji ne, kuma ban so a ce yaro ɗan shekara goma sha biyu ya gyara min magana a gaban Baba.

Har muka wuce Daɗin Kowa bai ce uffan ba. Na saya masa rake, ya ce na gode, ya riƙe bai sha ba.

Mai facin taya ya rufe. Wuta ta zo shida ta koma bakwai. Tuwon Yaya da miyar kuka, na ci kaɗan.

Bayan isha'i na kasa zama. Na buɗe gwangwanin da nake tara abubuwa, na ɗauko kwabon nan na tagulla na 1959, mai huji da tauraro, na fita tsakar gida da tocila. Na ajiye shi a ƙasa shi kaɗai: lamba ta tsaya a sama daram, ta kowane ɓangare. Na kawo tsatsattsiyar ƙusa cikin na yau, na kwantar da ita kusa da shi, tazarar yatsu uku. Na kaɗa. Sama, sama, sai gurnani. Na juya a gicciye: ƙusar ta rufe kwabon ruf, sai ɗan tsiwa a ƙarshe. Abin da muka ji a gona, sak. Jikina ya yi sanyi.

Ban ce kwabo ne a wurin ba. Kan ƙusa mai lanƙwasa yana yin haka, guntun tukunyar ƙarfe ma yana yi. Amma kwabon da ya tsaya a kan gefensa maimakon ya kwanta, shi ma ta fuska ɗaya yake amsawa da kyau. Kuma wurin da mutane suka zauna suka dafa abinci suka kafa bukka, ai ƙusa da kuɗi tare suke kwana. Sai yanzu kuma nake tuna cewa tun bakin hanya ban sake daidaita ta da ƙasa ba, alhali kusurwar nan yashinta ya fi baƙi. Ban rage mata ƙarfin ji ba, ban rage saurin hannu ba, ban ma kankare saman ƙasar da ƙafa na sake saurara ba, wanda sau da yawa shi ke sa lamba ta nutsu ko ta fallasa kanta. Aikin minti biyar. Na yanke hukunci da kaɗawa shida.

Wani abin da ya ƙara tsaya min: tsofaffin kwabban kafin 1952, farare ne, gaurayen tagulla da nikel, lambarsu tsakiya take faɗawa, daidai inda marikin gwangwani yake. Irin waɗanda mahaifin Baba zai riƙa ɗaurawa a ƙugu ke nan. Sau nawa yau na ji lambar tsakiya na wuce ban ko tsaya ba?

Amma ba kwabon ke cina ba. Fuskar Abba ce lokacin da ya sunkuya ya ɗauki shebur. Ya saurara da kyau, ya duba zurfi, ya tuna abin da aka koya masa, ya kawo hujja cikin ladabi. Duk abin da nake so ya iya, ya yi shi a gabana, ni kuma na tsawata masa.

Na kira Baba ɗazu, ya ce masu huɗa sai Litinin da hantsi, kuma ya san wurin, akwai sawunmu. Abba yana da Islamiyya gobe har sha biyu. Na tura wa Yaya saƙo ta ce masa ya shirya shebur ɗinsa, zan zo ɗaukarsa daga can, kuma ina da maganar da zan faɗa masa kafin mu shiga mota. Tayar sai da sassafe.