Taswirar wake da zare

Ƙanena ya makance tun yana shekara 6. Rubutun makafi na Braille mai ɗigo shida yana karanta shi tsaf, amma taswira? Ina!

Ran Asabar na zauna a zaurenmu na Tudun Wada, na manna zare a kan kwali, na fitar da kogin Neja da Binuwai, na sa ƙwayar wake a Lokoja inda suka haɗu. Kowane gari na liƙa masa lambar QR, wato ɗan tambarin da waya ke karantawa, mai ɗauke da sunan garin. Da ya haska da kyamarar waya, TalkBack, manhajar da ke karanta wa makafi rubutun waya da murya, ke karanto masa sunan.

Yatsansa ya bi zaren, ya tsaya.

"Yaya, ashe Binuwai daga gabas yake zuwa?"

"Daga Kamaru ma."

Sai ya dage in sa masa Zariya da rafin Kubanni. Wake ya ƙare, da gyaɗa muka ƙarasa.