Gardamar "an canza Linjila": abin da tsofaffin takardu ke nunawa

A Garwa da Marwa da Ngaundere na arewacin Kamaru, inda Musulmi da Kirista ke cin kasuwa ɗaya, da wuya mako ya wuce ba a turo bidiyon muhawara a WhatsApp ba. Salon kusan ɗaya ne. Mai magana ya ɗaga Baibul biyu, ya buɗe Matiyu sura 17, a ɗaya ga aya ta 21, ɗayan kuwa daga 20 ya tsallaka zuwa 22. Sai majalisa ta ɗau kabbara, na ɗaya ɓangaren kuma ya rantse ko wasali ba a taɓa ba. Kowannensu ya wuce gona da iri.

Lambobin ayoyin Sabon Alkawari ba su cikin asali. Wani mai buga littattafai Bafaranshe, Robert Estienne, shi ya sa su a 1551, kuma nassin da ya sa wa lambobin daga kwafe-kwafen baya-bayan nan aka samo shi. Da aka koma ga kwafin da suka girme su, sai aka tarar Matiyu 17:21 ba ta cikin mafi tsufa. Wani mai kwafa ne ya jawo ta daga Markus 9:29. Aka sauko da ita ƙasan shafi, aka bar lambobin yadda suke don kada lissafi ya rikice. Haka labarin Matiyu 18:11 da Yahaya 5:4 da Ayyukan Manzanni 8:37 yake. Wato ƙari ne aka gano aka fitar.

Duk wanda ya taɓa kwafar littafi da alƙalami da tawada ya san ta inda ɓarna ke shigowa. Tsofaffin kwafin Girkanci manyan baƙaƙe ne a manne, babu tazara tsakanin kalmomi. In layi biyu suka ƙare da kalma iri ɗaya, ido ya zame daga na sama zuwa na ƙasa, abin da ke tsakani ya tafi. In shifta ake yi, kunne ke yaudara: a Romawa 5:1 wasali ɗaya ne ya raba "muna da salama" da "bari mu sami salama". A 1 Timoti 3:16 kalmar "wanda" ana rubuta ta OC, kalmar "Allah" a taƙaice kuma ΘC da layi a bisa. Ɗan zane ne tsakaninsu, kamar ɗigon da ke raba fa da ƙaf a rubutun warash. Sai kuma bayanin da wani ya rubuta a gefen shafi, mai kwafa na gaba ya zaci nassi ne ya shigar da shi ciki.

Kwafin Girkanci na Sabon Alkawari da aka sani sun kai wajen 5,800, daga guntun da bai kai tafin hannu ba har cikakken littafi. Tun a 1707 wani masani ɗan Ingila, John Mill, ya ƙirga saɓani 30,000 a kwafi kusan 100, yau adadin ya haura dubu ɗari da yawa. Wannan lissafin ne ake tsorata mutane da shi, amma mafi yawansa kuskuren baƙi ne ko sauya jerin kalmomi da ko a fassara ba ya fitowa. Wuraren da ke da nauyi sanannu ne, uku kuma sun fi sauran.

Ƙarshen Markus, 16:9-20, babu shi a Codex Sinaiticus da Codex Vaticanus, manyan kwafi biyu na ƙarni na 4. Labarin matar da aka kama da zina, Yahaya 7:53 zuwa 8:11, shi ma babu shi a cikinsu, wasu kwafin ma bayan Luka 21:38 suka ajiye shi, alamar labari ne da ke yawo yana neman masauki. Na ukun ya fi zafi, domin ya taɓa aƙida: 1 Yahaya 5:7, mai cewa Uba da Kalma da Ruhu Mai Tsarki ɗaya ne. Erasmus, masanin da ya fitar da bugun Sabon Alkawari na Girkanci, bai sa ta a bugunsa na 1516 ba, don bai gan ta a kwafin Girkanci da ke hannunsa ba. Bayan an yi masa ca ya sa ta a bugun 1522, daga nan ta shiga Baibul ɗin Turanci na Sarki James na 1611. Kiristan da ya ce ba a taɓa ƙara komai ba, nan maganarsa ke karyewa. Abin lura dai, masanan Kirista ne da kansu suka tono waɗannan wurare.

Dubawa ba ta da wuya. A ɗauki Littafi Mai Tsarki na Hausa, ko na Fulatanci, ko na Faransanci mai bayanan ƙasan shafi, a buɗe wuraren nan uku, a nemi baka mai kusurwa ko ɗan rubutun da ke cewa tsofaffin kwafi ba su da wurin. Sinaiticus kuwa hotunansa na intanet tun 2009. Bambancin lafazi tsakanin fassarar Hausa ta 1932 da na baya, ko tsakanin Segond ta 1910 da sauran na Faransanci, aikin masu fassara ne, ba hujjar kowa ba ce. Littattafai 73 na Katolika da 66 na Furotesta saɓani ne na gaske, amma duk a Tsohon Alkawari yake. Sabon Alkawarinsu 27 ne gaba ɗaya, jerin da ya zo a wasiƙar Atanasiyus na Iskandariya a 367. Taron shugabannin coci na Nikiya na 325, da ake yawan cewa a can aka zaɓi Linjilu, matsayin Almasihu da ranar Ista ya tattauna.

Malaman Musulunci ma ba bakinsu ɗaya ba kan tahrifi, wato canza littattafan da suka gabata. Ayoyin da ake kafa hujja da su, Baƙara 79 da Nisa'i 46 da Ma'ida 13, wasu sun fahimce su a kan sauya lafazi, kamar Ibn Hazm na Andalus da ya rasu a 1064, wasu kuma irin su Ibn Khaldun sun karkata ga cewa ma'ana aka murɗe. Mai cewa an sauya lafazi dole ya faɗi yaushe. In bayan zuwan Annabi (SAW) yake nufi, takardu ba su goyi bayansa ba, don Sinaiticus ya girmi Hijira da fiye da shekara 250. Naɗaɗɗen kwafin littafin Annabi Ishaya da aka samu a kogon Kumran, kusa da Tekun Gishiri, a 1947 kuwa an rubuta shi tun kafin haihuwar Annabi Isa (AS), kuma ya yi kusa ƙwarai da nassin Ibrananci da aka kwafa shekara dubu bayansa.

Inda gardamar ke da ƙashi shi ne can farko. Annabi Isa da Aramiyanci ya yi wa'azi wajen shekara ta 30, Linjilu huɗu kuwa da Girkanci aka rubuta su, a ƙiyasin yawancin masana tsakanin 65 da 100. Guntu mafi tsufa, P52 da ke Mancesta a Ingila, ayoyi ne kaɗan daga Yahaya 18, na ƙarni na 2. Musulmi na nufin Linjila littafin da aka saukar wa Annabi Isa, Kirista na nufin shaidar almajirai a kansa, kwatanta kwafi kuma ba ya raba wannan.

Linjilar Barnaba da ake yawan kawowa don cike giɓin ba ta tsayuwa. Kwafinta na Italiyanci da ke Biyana, babban birnin Ostiriya, na ƙarshen ƙarni na 16 ne, ta ce shekarar Jubili, wato shekarar yafiya, duk shekara 100 take zuwa, tsarin da Fafaroma ya kafa a 1300, alhali a Attaura 50 ce. Ta kuma sa Annabi Isa ya ce shi ba Almasihu ba ne, alhali Ali Imrana 45 da wannan sunan ta kira shi.