Harafin s da ɗalibaina ke haɗiyewa

Ina koyar da Ingilishi a wata sakandare a Garwa, ƙasar Kamaru, kuma yaran da nake karɓa a ajin farko da Faransancin firamare suke zuwa a bakinsu. A can sun saba cewa s na jam'i na takarda ne kawai: ana rubuta livres, amma s ɗin ba ya fita a baki. Da wannan sabon suke shiga Ingilishi. Yaro zai rubuta three books daidai a allo, in ka ce ya karanta sai ka ji three book. Abin yana damuna ƙwarai, domin a Ingilishi sau da yawa wannan ɗan sautin ne kaɗai ke raba ɗaya da yawa.

Sai na ajiye alli. Na ce kowa ya ɗora yatsu biyu a maƙogwaronsa, ya ja ssss, sannan ya ja zzzz. A na biyun duk suka ji maƙogwaro na rawa. Daga nan doka ta zo da sauƙi: kalmar da ta ƙare da sautin da ba ya kaɗa maƙogwaro, kamar p, t, k, jam'inta s ne, cats, books. Wadda ta ƙare da mai kaɗawa ko da wasali, z za a ji ko da s aka rubuta, dogs, pens, boys. Su bus, box da watch kuwa gaɓa guda suke ƙarawa, don haka tafi muke yi: bus tafi ɗaya, buses tafi biyu.

Wurin da na fi shan aiki shi ne harshenmu. Bahaushe ba ya son baƙaƙe su haɗu a ƙarshen kalma ba wasali a tsakani, sai books ya koma "bukus". Wannan sai maimaici, kullum kafin a buɗe littafi.

Su man da men, child da children, foot da feet, waɗanda malamai ke tsoro, ba su ba mu wahala ba. Wata yarinya ta ce, "Malam, ai mu ma mace, mata muke cewa." Na kusa da ita ya kawo gorko da worɓe na Fillanci, wato namiji da maza. Yanzu ba na ba da makin jam'i a rubuce kaɗai. Sai yaro ya tashi ya furta na ji.