Fetur ko dizal a jirgin ruwa: ina injin zai zauna?

Duk wanda ya tambaye ni injin da zai sa wa ƙaramin jirginsa, ba na fara masa da maganar ƙarfi ko shan mai. Tambayarsa nake yi: injin a bayan jirgi zai rataya cikin iska, ko a ciki zai zauna ƙarƙashin katako?

Halin fetur ne ya kawo tambayar. Ko sanyi ya kai digiri 40 ƙasa da sifili, fetur na fitar da tururin da ke kama wuta, kuma tururin ya fi iska nauyi. A mota, in tiyo ya yi yoyo, ƙasa man zai zuba, iska ta kwashe. Shi kuwa jirgi ƙwarya ce, ba mafita ta ƙasa. Sai tururin ya gangara ya kwanta inda ruwan datti ke taruwa, dab da batir da sitata. Da ya kai kashi 1.4 cikin ɗari na iskar wurin, tartsatsi ɗaya ya isa. Shi ya sa ake kunna fankar zuƙe iska minti 4 kafin a tayar da inji. Ni har durƙusawa nake yi in shinshina ramin, don fanka na iya lalacewa ba ka sani ba. Masu ɗaura sitatar mota a nan don sauƙi kuwa, ganganci suke yi, tartsatsinta a buɗe yake.

Dizal sai ya ɗau zafi sama da digiri 50 a ma'aunin Celsius kafin tururinsa ya kama, kuma ba ya aiki da fulogi, matsi ke kunna shi. Saboda haka in dai injin ciki ne, dizal nake zaɓa, duk da nauyinsa da tsadarsa. Ba wai ba ya ci da wuta ba: in bututun nozul, mai kai mai cikin inji, ya tsage ya fesa mai kan salansa mai zafi, za a ga aiki. Ruwa a tanki ko iska a layin mai ma kan kashe shi a tsakiyar kogi, don haka ba na fita ba filtar canji.

Kwale-kwale buɗaɗɗe mai injin rataye, fetur ya wadatar. A sauke tankin a cika shi a tudu, a kuma ɗaura igiyar kashe inji, wadda ke tsayar da shi in matuƙi ya faɗa ruwa, a hannu ko a rigar hana nutsewa. Sai a hana yara zama ko iyo kusa da salansa in inji na aiki: iskar kabon monoksaid da ke cikin hayaƙin ba ta da wari, kuma injin fetur ya fi dizal fitar da ita nesa ba kusa ba.